Shekara 44, gwiwa na kumbura bayan kowane wasa: in rataye but ko in ci gaba?

Ga tambayar da wani bawan Allah ya turo, na taƙaita ta. Shekararsa 44, tun yana firamare yake buga ƙwallo, yanzu kuma Asabar da Lahadi da safe yake fita da 'yan unguwa. Cikin shekara biyu tsokar bayan cinya ta yage masa har sau biyu, ya yi targaɗe a idon sawu, yanzu kuma gwiwar dama ce ke kumbura duk ranar da ya buga, har zaman tahiya ya fara ba shi wahala. Kafin ya shiga fili sai ya haɗiyi daiklo, wato ƙwayar kashe ciwo ta daiklofenak. Uwargida ta ce ya haƙura haka nan, abokai kuma sun ce jiki ne kawai bai saki ba. Yana tambaya, ya daina ne ko ya ci gaba?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikina fisiyo ne, wato jinyar tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, masu irin larurarka kuwa kullum muna tare da su, kuma gaskiyar magana shekara 44 ɗin nan da ka sa a gaba ita ce ƙaramar damuwata a duk abin da ka rubuto. Abin da ya tsaya min a rai biyu ne, gwiwar da take kumbura da kuma daiklon da kake sha don kada ka ji ta. Ba zan ce ka bar ƙwallo ba, amma irin ƙwallon da kake bugawa yanzu kam, wato kwana biyar a zaune a shago ko ofis sannan Asabar da Lahadi a jere ka shiga cikin yara 'yan 22 ka yi minti 90 da ƙwaya a ciki, wannan ita ce nake roƙonka don Allah ka ajiye tun daga wannan satin.

Daiklon nan dai a fara da shi. Ciwo saƙo ne, jiki magayi, kai kuma ka toshe masa baki ka fita da gudu a kan gaɓar da take ce maka ta gaji, to ɓarnar ba ta tsaya ba, ji ne kawai ba ka yi sai dare. Sannan shi daiklofenak da 'yan uwansa irin su ibuprofen da firoksikam suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ka haɗa wannan da zufar da mutum ke zubarwa a fili a watan Afrilu da ƙarancin shan ruwa, wallahi haɗi ne mai hatsari, ga gyambon ciki, ga shi suna ɗaga hawan jini wanda da yawan masu shekarunka suna da shi ba su ma sani ba. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a wasu kemis na "ciwon jiki" ya ma fi muni don sau da yawa akwai sitiroyid a ciki. Taramol kuma ba sai na ce komai ba. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, duk wasan da ba za ka iya shiga ba sai da ƙwaya to ba wasanka ba ne ranar.

Sai gwiwa. Tsamin jiki bayan wasa daban, kumburi daban. Tsamin tsoka ba komai ba ne, kwana biyu ya wuce. Amma gwiwa in ta tara ruwa to wani abu ne a ciki yake gurzuwa, ko guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ya fara cinyewa, ko kuma matashin nan mai kama da jinjirin wata da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, wanda muke kira miniskos, ya tsage. Kuma ruwan nan da kansa yana kashe wa tsokar gaban cinya ƙarfi, ƙwaƙwalwa ce take rage mata wuta, shi ya sa za ka ga cinyar da ke da ciwon ta fi ɗayar sirancewa, tsoka ta yi rauni gwiwa ta ƙara shan nauyi ta ƙara kumbura, haka abin yake ta zagayawa.

Ga abin da za ka yi da kanka. Ka samu tef ɗin tela, washegarin wasa da safe ka zauna ka miƙe ƙafafu, ka auna kaurin gwiwa daidai saman ƙoƙon gwiwa, dama da hagu. Ka duba 'yan ramukan nan biyu da ke gefe da gefen ƙoƙon, a lafiyayyar gwiwa suna nan a lotse, a mai ruwa kuwa sun cike sun yi sumul. In bayan awa 24 gwiwar ta koma yadda take kafin wasa, nauyin da ka ɗora mata ta iya ɗauka. In ta kwana biyu uku a kumbure, kana sauka daga bene da gefe, kana zame ƙafa a zaman tahiya, ka wuce mata iyaka, kuma ba jarumta ba ce ka koma Asabar mai zuwa ka sake.

Akwai alamomi biyu da ba a jira da su. Ɗaya gwiwa ta ƙage, ka kasa miƙe ta gaba ɗaya kamar an sa tsinke a ciki. Ɗayar kuma ta riƙa gocewa, kana juyawa ka ji ta zame kamar ba taka ba, musamman in ka taɓa jin ƙas a ciki wata rana ta kumbura nan take cikin awa ɗaya ko biyu, wannan yawanci jijiyar tsakiyar gwiwa ce, ACL. Mai waɗannan likitan ƙashi zai gani, irin Asibitin Ƙashi na Dala in kana Kano, ko Shika in kana wajen Zariya, ko duk asibitin koyarwa da ke kusa da kai. Kuma ba sai an fara da MRI ba, wato hoton na'ura mai nuna cikin gaɓa, hannun wanda ya san aiki da hoton ƙashi na tsaye suna faɗin abu da yawa. Na faɗi haka ne don mutane na kashe kuɗi mai yawa su yi MRI, takarda ta fito an rubuta miniskos ya tsage, hankali ya tashi a fara maganar tiyata. Alhali wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2008 ya ɗauki hoton gwiwoyin manya da dattawa haka kawai, aka samu tsagewar miniskos a da yawansu, kuma kusan 6 cikin 10 na masu tsagewar ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabata. A Finlan kuma a 2013 an kwatanta waɗanda aka yanke wa miniskos ɗin da ya tsage saboda shekaru da waɗanda aka shiga gwiwar kawai ba a yanke komai ba, bayan shekara guda sakamakon ɗaya ne. Don haka in tsagewar ta tsufa ce ba ta ƙagewa ba, atisayen ƙarfafa cinya na wata uku ake fara yi kafin a yi zancen wuƙa. Allurar sitiroyid a gwiwa kuma tana kwantar da kumburi na 'yan makonni, tana da ranarta, amma ba abar da za a riƙa yi duk wata uku don a samu a buga kofin unguwa ba ce.

Maganar bayan cinya da ta yage sau biyu, inaga na san yadda aka yi ko ba ka faɗa ba. Ta farko ka huta sati biyu, ciwo ya tafi, ka ɗan gwada sassarfa ka ji garau ka koma. Ciwo yana tafiya tun kafin ƙarfi ya dawo, wurin da ya warke tabo ne kuma tsokar ta gajarce, ranar da aka jefo maka ƙwallo a gaba ka buɗe wuta sai ta sake tsinkewa a wuri ɗaya. Babu abin da ke jawo yagewar bayan cinya kamar yagewar da ta gabata, sai kuma shekaru, kai kuma ka haɗa duka biyun. Maganinta ba man zafi ba ne ba kuma miƙa ba ce kawai, atisayen da ake kira Nodik ne. Ka durƙusa a kan darduma ko katifa, wani ya danne maka idon sawu da hannu biyu, jikinka a miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa ba tare da ka turo ɗuwawu baya ba, sai ka riƙa sunkuyawa gaba a hankali a hankali kana riƙe kanka da bayan cinya, in ka kai inda ba za ka iya ba ka tare da tafin hannu, ka turo kanka ka dawo. Satin farko biyar biyar sau biyu ya isa, kuma za ka ji tsami kwana biyu, kada ya tsorata ka. An gwada shi a kan 'yan ƙwallo sama da 900 a Denmak, kuma da aka tattara binciken da aka yi a wurare daban daban an ga yana rage yagewar nan da kusan rabi. Ko sisi ba ka kashe ba. In durƙuson na damun gwiwar dama, ka fara da kwanciya rigingine ka ɗora diddige a kan kujera kana ɗaga ƙugu, har kumburin ya sauka.

Wanda kuma nake jin tsoro ga masu shekarunka, ko da ba ka ambace shi ba, shi ne agara. Maza 'yan 30 zuwa 50 masu wasan ƙarshen mako su ne ta fi tsinke wa. Yadda take faruwa kusan iri ɗaya ne kullum, mutum zai zabura zai tashi da gudu sai ya ji tau a bayan diddige, ya faɗi, ya waiwaya yana neman wanda ya yi masa ƙeta, babu kowa a bayansa. Yana iya ɗingisawa ya tafi gida shi ya sa ake cewa targaɗe ne, a kai shi wajen mai ɗori a ja a murza. Masu ɗori suna da abin da suka iya, amma wannan ba ƙashi ba ne, jijiya ce ta rabu biyu, in aka yi sati uku huɗu bakin ya ja baya gyaran ya zama babban aiki. Wanda ya kasa ɗage diddige ya tsaya a kan yatsun ƙafa ɗaya bayan irin wannan, asibiti a ranar. Kuma ga wani abu da mutane ba su sani ba, sifro ɗin nan da ake sha kamar gyaɗa duk lokacin da aka ce taifot, shi da danginsa suna raunana jijiya, tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka buga babban gargaɗi a kwalinsu a kan tsinkewar agara, hatsarin ya fi yawa in an haɗa da sitiroyid. In kana kan sifro ko ka gama shi kwanan nan, ba lokacin gudun fanfalaƙi ba ne.

To me ya sa duk da wannan ban bi bayan uwargida na ce ka zauna ba? Saboda na ga abin da zaman ke yi. Mutum ya bar ƙwallo a 44 bai maye ta da komai ba, cin abinci bai ragu ba, shekara biyu teɓa ta fito, suga ya hau, jini ya hau, kuma gwiwar da aka bar wasan dominta ta fi da ciwo, don kowane kilo ɗaya da ka ƙara kusan kilo huɗu ne a kan gwiwa a duk taku. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, da motsi yake samun abincinsa, a danna a saki. An tattara bincike a 2017 a kan masu gudu, amosanin gwiwa da ƙugu ya kama kusan kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don motsa jiki, kashi 10 na marasa motsi, kashi 13 na masu gudun gasa, ka ga ke nan matsakaicin motsi ya fi zama kuma ya fi wuce gona da iri. Ita ƙwallon ma kanta magani ce, Farfesa Peter Krustrup da abokan aikinsa a Denmak sun sa maza masu hawan jini buga ƙwallon nishaɗi awa ɗaya sau biyu a mako, cikin wata shida jinin ya sauka da sama da maki 10 a lambar sama. Ban da wannan akwai abin da ba a aunawa da na'ura, mutanen da kuka shekara ashirin kuna haɗuwa, ana zuwa sunan juna ana zuwa jana'izar iyayen juna, magidanci a shekarunka ba shi da wurare da yawa da zai je ya yi ihu ya yi dariya ya manta da kuɗin makaranta. Ni ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Abokanka za su kawo maka misalin Roger Milla da ya ci ƙwallo a kofin duniya na 1994 yana da 42, ko El-Hadary na Masar da ya tare fenareti a 2018 yana da 45, ko Rabi'u Ali Pele da ya haura 40 yana taka wa Kano Pillars leda. Gaskiya ne duka, amma waɗannan a lokacin kullum suna tirenin, aikinsu ke nan. Kuma a tuna Van Basten wasansa na ƙarshe yana da 28 ne saboda idon sawu. Ba shekaru ke raba mutum da fili ba, halin da gaɓa take ciki ne da kuma abin da kake yi mata ranar Talata da Alhamis. Daga shekara 30 tsoka na raguwa da kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma in ba a yi mata aiki ba, jikin ɗan 44 kamar katangar ƙasa ne, tana iya daɗewa ƙwarai amma fa sai ana yi mata yaɓe kafin damina.

Abin da zan sa ka yi in kai majinyacina ne, ka ba ni sati 12. Shida na farko babu ƙwallo ko kaɗan, amma ba zama ba, keke ko tafiya mai sauri minti 30 yawancin ranaku, sannan kwana biyu ko uku a mako na ƙarfi, tashi zaune daga kujera, hawa matakala da ƙafa ɗaya, ɗaga diddige, Nodik, tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe saboda idon sawun da ya yi targaɗe. Kafin ka koma fili ina so kumburi ya tafi gaba ɗaya, ka iya tashi daga kujera da ƙafar dama kaɗai sau goma ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba, ka ɗaga diddige da ƙafa ɗaya sau ashirin. Sai a fara sassarfa, sai taɓa ƙwallo, sai minti 20 na wasa, tef ɗin tela na gaya maka washegari ko ka ƙara ko ka rage.

In ka koma kuma, rana ɗaya a ƙarshen mako ba biyu a jere ba, in kana son ta biyu ka kai ta Laraba. Minti 30 zuwa 45 ka nemi canji da kanka tun kafin ka gaji, yawancin raunin tsoka a ƙarshen kowane rabi yake zuwa lokacin da ƙafa ta mutu. Ka bar gefe da lamba tara wa yara ka dawo tsakiya kana raba ƙwallo, taɓawa biyu ka saki. Ka nemi sa'o'inka, kusan kowane gari yanzu akwai ƙungiyoyin tsofaffin 'yan wasa, ku yi doka babu kwasar ƙafa a ƙasa. Filinmu na rani da ya bushe kamar siminti ba na but mai dogayen haƙora ba ne, ka samu mai ƙananan haƙora da yawa. Ƙaramin fili yana rage dogon gudu, alheri ne ga bayan cinya, amma juye juye ya fi yawa a cikinsa, don haka ga gwiwarka sai ka gwada ka gani. Ɗumama jiki kuma ba wai ka sauko daga mashin ka buga wa gola shot biyu ba ne, akwai tsarin FIFA 11+ na minti 20 yana nan kyauta a YouTube, an gwada shi a nan gida a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas aka buga sakamakon a 2014, raunuka suka ragu da kusan kashi 41 cikin 100. Da azumi kuma a bar wasan la'asar, a kai shi bayan tarawi.

Akwai gwajin da ya fi na gwiwa muhimmanci kuma ba ka tambaye shi ba, zuciya. Manya suna tuna Samuel Okwaraji da ya faɗi a filin Surulere a 1989 ana wasa da Angola yana da 25, da Marc-Vivien Foé na Kamaru a 2003, duka biyun zuciya ce ta yi ajalinsu. Su matasa ne, amma bayan shekara 35 abin da ya fi kayar da mutum a fili shi ne toshewar jijiyoyin zuciya, wanda hawan jini da suga da kitse da sigari ke ginawa shiru. Ka je a auna jini, suga, kitsen jini, ƙoda saboda daiklon da ka daɗe kana sha, a yi ECG, wato gwajin bugun zuciya. In kana jin nauyi a ƙirji da gudu, ko numfashi na yanke maka fiye da da, ko jiri, ko ka taɓa suma, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya a gidanku, babu wasa sai likitan zuciya ya ce. Wannan ba yana nufin ƙarshe ba ne, Kanu an gano matsalar zuciyarsa a 1996 aka yi masa aiki ya dawo ya buga shekaru masu yawa. Kuma ku koyi danna ƙirji a ƙungiyarku, wanda ya faɗi ba wanda ya taɓa shi kuma ba ya numfashi daidai, ba ruwa ake zuba masa ba, ba fifita da riga ba, hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ana neman mota, abin da ya fara riƙe ran Eriksen ɗan wasan Denmak ke nan da ya faɗi a fili a 2021 kafin na'ura ta tayar da zuciyar.

Akwai inda ni ma zan ce maka Malam a haƙura da ƙwallon gudu. In ka yi sati 12 ɗin nan tsakani da Allah amma minti 20 na wasa na sake cika gwiwar da ruwa, ko hoto ya nuna ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi, ko ACL ta tsinke gwiwa na gocewa kuma ba za ka yi aiki da jinyar aƙalla wata tara ba, to lissafin ya canza, don kusan rabin masu raunin ACL suna samun amosanin gwiwa cikin shekara 10 zuwa 20 ko da an yi aiki, kowace gocewa kuma ƙara cinye miniskos take. Gwiwar nan kana buƙatarta ka yi sujada da ita a 65, ka yi ɗawafi da safa da marwa, ka yi tsugunno. A irin wannan hali akwai keke, akwai ninƙaya in da hali, akwai ƙwallon tafiya da aka faro a Chesterfield ta Ingila a 2011 don 'yan sama da 50, ba gudu ba karo ƙwallo ba ta wuce kai, kuma ana haɗa zufa sosai, mutum goma da ƙaramin fili sun isa ku fara. Akwai horar da yaran unguwa, wanda da shi ba ka rabu da filin ba kuma ba ka rabu da mutanenka ba.

Uwargida kuma ka zaunar da ita ka nuna mata tsarin, ita ce take ganin yadda kake tashi da asuba, kuma tsoronta a kan hanya yake. Ka ce mata ta riƙe tef ɗin ita ta riƙa aunawa. Ranar da za ka je asibiti ka tafi da gajeren wando, da kwalayen duk magungunan da kake sha har da na gargajiya, ka kuma rubuto tun yaushe kumburin ya fara, kwana nawa yake yi kafin ya sauka, da ko gwiwar ta taɓa ƙagewa ko gocewa. Allah ya ba da lafiya.